Neman tallafin karatu a Amurka: ba mu da takardar shaidar kuɗin shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanwata ta kammala sakandare bana, ta ci WAEC da kyau, ta haura maki 300 a JAMB, ta rubuta SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka. Burinta injiniyanci, tun tana ƙarama take kwance rediyon gidanmu tana gyarawa.

Mun maƙale a CSS Profile, wato fom ɗin neman tallafin karatu na College Board, hukumar da ke shirya SAT. Jami'o'in suna neman shaidar abin da iyaye ke samu a shekara, Baba kuwa ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, ba albashi, ba takardar haraji. Shin bayanin asusun banki ko takardar rantsuwa daga kotu za ta wadatar? Wa'adin farkon Janairu ya matso, hankalinta ya tashi. Don Allah wanda ya taɓa cike shi ya taimaka mana.