Abin da aka tsayar kan daskarewar File Explorer

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu kan daskarewar File Explorer, wato manhajar Windows da ake duba fayiloli da ita:

1. Baki ya zo ɗaya: idan sandar ƙasan allo ta ɓace, kada a yi gaggawar kashe kwamfuta. Explorer ne ke riƙe da ita. A danna Ctrl+Shift+Esc don buɗe Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, a sake tayar da Explorer daga can. Rubutun da ke buɗe a Word ba zai salwanta ba, amma kwafin fayil da ake cikin yi zai katse.

2. A kunna nuna ƙarshen sunan fayil. Wani ya ga "hoto.jpg" a filashi, ashe .exe ne ya ɓuya a bayansa, wato manhaja ce ba hoto ba.

3. An rabu kan shafukan (tabs) da Windows 11 ta ƙara wa File Explorer a 2022, masu ba da damar buɗe wurare da yawa a taga ɗaya. Wasu sun ce sun rage cunkoson tagogi, masu tsofaffin kwamfutoci kuwa nauyi suke kuka da shi. Ni dai shafukan sun yi mini.