Neman shawara: da wane ma'auni zan auna direban da bai taɓa cin tsere ba?

Assalamu alaikum. Ni ɗalibin aikin jarida ne a Samaru, kuma an ba mu aikin rubuta tarihin ɗan wasan da ya daɗe a fage ba tare da ya tara kofuna ba. Na zaɓi Nico Hülkenberg, Bajamushen direban tseren motoci na Formula 1, wanda ya fara a 2010 da ƙungiyar Williams, daga baya ya tuƙa wa Force India da Sauber da Renault da Haas. Har zuwa ƙarshen 2025 bai taɓa zuwa na ɗaya a Formula 1 ba, kuma sai a watan Yulin 2025, a Silverstone ta Ingila, ya fara shiga sahun ukun farko, a tserensa na 239. Idan na jera alƙaluman kawai, mai karatu zai ɗauke shi rago, idan kuma na yabe shi, za a ce son rai ne. Ina neman shawararku kan yadda zan yi masa adalci.

Wani dattijo daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abu na farko da ya kamata ka fahimtar da mai karatu shi ne a wannan gasa kowace ƙungiya ce ke ƙera motarta, kuma motocin ba ƙarfinsu ɗaya ba, saboda haka direban da ke ƙungiyar tsaka-tsaki yakan shiga tsere yana sane cewa motoci shida ko takwas sun fi tasa gudu. Mutum goma na farko ne ke samun maki, daga 25 na wanda ya zo na ɗaya zuwa maki guda na na goma, don haka zuwa na bakwai a irin wannan mota aiki ne babba. Ma'aunin da masu bin wasan suka fi yarda da shi shi ne abokin tuƙinsa na ƙungiya ɗaya, tunda mota iri ɗaya aka ba su. Ka duba 2018 a Renault: ya samu maki 69, abokin tuƙinsa Carlos Sainz ya samu 53, Hülkenberg kuma ya ƙare shekarar a matsayi na bakwai, babu wanda ke gabansa sai direbobi shida na Mercedes da Ferrari da Red Bull. Sainz ɗin nan ne daga baya ya koma Ferrari ya ci tsere. A ganina a kan wannan shekara ya kamata ka gina rubutunka.

Wani ɗan uwa daga Sabon Gari:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ma'aunin nan bai tsaya a Sainz ba. Daga 2014 zuwa 2016 Hülkenberg ya tuƙa mota iri ɗaya da Sergio Pérez a Force India, kuma a cikin shekarun nan Pérez ya shiga sahun ukun farko sau huɗu, shi kuwa ko sau ɗaya. A Brazil a 2012 Hülkenberg ya jagoranci tsere na tsawon lokaci, sai ya yi karo da Lewis Hamilton ya ƙare na biyar, haka kuma a Jamus a 2019 santsin ruwan sama ya kwashe shi yana cikin na gaba-gaba. Idan ka ɗora wa mota laifin komai, duk wanda ya san wasan zai gane ka ɓoye wani abu.

Wata malama daga Kongo:
Ƙanena, ka ɗauki maganganun nan biyu duka, domin ba sa karo da juna. Abin da zan ƙara shi ne kada ka taƙaita tarihinsa ga Formula 1. Shi ne zakaran 2009 na GP2, gasar da ke ƙasa da Formula 1 a lokacin, a shekararsa ta farko da Williams ya fi kowa gudu a zagayen tantancewa na Brazil har ya tashi daga kan gaba, sannan a 2015 ya ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da motar Porsche, amma ka ambaci cewa su uku ne suka yi karɓa-karɓar tuƙin, shi da Nick Tandy da Earl Bamber. Wani abin lura kuma, daga 2020 zuwa 2022 ba shi da kujera ta dindindin, sai dai a kira shi ya maye gurbin wanda bai da lafiya, duk da haka Haas ta dawo da shi a 2023, wanda hakan shaida ce ta yadda masu ƙungiyoyi ke kallonsa. Da yake yawancin masu karatunka a Zariya ƙwallon ƙafa suka sani, ka fara da bayanin yadda ake raba maki kafin ka kawo lamba ko ɗaya, sannan ka jera shekarunsa, kowace da sunan abokin tuƙinsa da makin da kowannensu ya samu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Zan bi tsarin Malama, in kuma ware wa shekarun Pérez sashe na musamman. Tambayar da ta rage mini ita ce tseren Silverstone, inda ya tashi daga matsayi na 19 ya ƙare na uku cikin ruwan sama: in buɗe rubutun da shi ne, ko in bar shi a gurbinsa na 2025?