Ɗiyata ba ta samun barci tun da ta fara al'ada, ku ba ni shawara

Salamu alaikum ƴan'uwa. Daga Tahoua nake. Ɗiyata shekararta 14, bana za ta yi jarrabawar BEPC, ta ƙarshen ƙaramar sakandare. Tun da ta fara al'ada barci ya ƙaurace mata, yau wata biyar ke nan. Muna shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda zafi, kowa ya yi barci, ita kuwa sai juyi take har ƙarfe ɗaya. Da asuba sai na yayyafa mata ruwa kafin ta tashi, a lakwal kuma gyangyaɗi. Babanta ya ce taurin kai ne, kakarta ta ce a nemo rubutu. Jiya na same ta tana kuka, ta ce, "Inna, ina son barcin, shi ne ba ya zuwa." Me zan yi?

Wata ma'aikaciyar lafiya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki gaya wa babanta ba taurin kai ba ne. Idan yaro ya balaga, sinadarin da ke kawo barci, melatonin, yakan jinkirta fitowa da kamar awa ɗaya zuwa biyu. Yarinyar da a da ƙarfe tara ta yi barci, yanzu sai sha ɗaya jikinta ke nema, ga asuba ba ta matsa ba. Alhali mai shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 yake buƙata. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 kan yara masu shekara 13 zuwa 16 ya samu kusan ɗaya cikin goma sun taɓa fama da rashin barci, kuma ya fi kama ƴan mata bayan fara al'ada. Tunda ya wuce wata uku, in yana kai dare uku a sati, ki kai ta asibiti. Don Allah kada ki sayo mata maganin barci wurin masu talla.

Wani malamin lakwal:
Hajiya, ina salula take kwana? Kuma tana shan shayi da dare don karatu? Ɗalibaina da yawa haka suke, ga fargabar jarrabawa. Shayi mai kauri bayan la'asar yana iya hana ido rufuwa har tsakar dare.

Mai tambaya:
Malam, ka taɓo wurin. Yayanta na dafa shayi bayan isha'i, ita ke shan na farko. Salular kuma ƙarƙashin matashi take.

Wata uwa daga Niamey:
Yaya, na ga wannan a kan tawa. Abin da ya fi yi mana aiki shi ne zama da ita mu biyu, ba faɗa. Ashe ciwon mara ke tashe ta, kunya ta hana ta faɗa. Ki tambaye ta a hankali ko akwai abin da ke damunta, a jiki ko a rai, musamman tunda kin ga tana kuka. Addu'ar kwanciya kuma ku riƙa yi tare, tana kwantar da hankali. Barcin rana kada ya wuce rabin awa, kuma ko ranar Lahadi ta tashi lokaci ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Daren yau salula a ɗakina za ta kwana, Litinin kuma in sha Allahu mu tafi asibiti. Yayan nata ma zan yi magana da shi kan shayin.