Wani ya ce kulob a Turai na son ƙanena, amma sai mun biya

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san cikin harkar ƙwallo. Ƙanena shekararsa 16, tsakiya yake buga wa wata ƙungiyar unguwa a nan Kano, kuma ba don jinina ba ne, Allah ya ba yaron ƙafa. Makonni uku ke nan wani mutum ya zo filin da suke atisaye ya ɗauki bidiyonsa, bayan kwana biyu sai ga shi har gida ya zo gaida Hajiyarmu. Wai akwai kulob a Turai da ke ɗibar yara daga Afirka, sun ga bidiyon sun yaba. Ya nuna mana takarda a wayarsa, da tambarin kulob ɗin a sama. Sai dai mu kawo naira miliyan 4, kuɗin biza da tikiti da rajista, kafin wata ya mutu. Hajiya har ta fara zancen sayar da filin da mahaifinmu ya bari. Ni hankalina bai kwanta ba, kuma ba na so gobe yaron ya ce ni na tare masa arziki. Don Allah, ta wace hanya kulob-kulob na waje suke ɗaukar yara?

Kocin Yara:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada a taɓa filin nan. Shekarun yaron ma kaɗai sun ba ka amsa. Sashe na 19 na dokar FIFA kan musayar 'yan wasa ya hana kulob ɗauko yaro daga wata ƙasa sai ya cika 18. An ɗaga ƙafa a 'yan wurare, kamar iyaye su yi ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba, ko ɗan 16 ya sauya ƙasa a cikin Tarayyar Turai, amma ba ɗaya da ya shafi ƙanenka. Kan wannan dokar aka hukunta Barcelona a 2014 da Chelsea a 2019, aka hana su sayen 'yan wasa. To wane ƙaramin kulob ne zai sa kansa a wuta saboda bidiyon waya?

Ka duba namu na gida. Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar, VVV-Venlo ta Holan ta neme shi, amma sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010. Victor Osimhen ya ci 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, duniya duk ta gan shi, duk da haka sai Janairun 2017 ya zama ɗan wasan Wolfsburg. Waɗannan ma sun jira.

Sannan kulob ɗin da ke son yaro shi ke kashe kuɗi, ba a karɓa a hannun uwarsa. Ƙungiyar da ta raine shi ma tana da haƙƙi, don kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa ana raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tun yana ƙarami. Shi ya sa mai neman yaro da gaske wajen kocinsa yake fara zuwa. Wannan da ya tsallake koci ya nufi falon Hajiya, ni ban yarda da shi ba.

Ɗan Zango daga Nima:
Koci ya gama magana, ƙari kawai zan yi daga nan Ankara, babban birnin Gana. Kulob ɗin da suka ƙware a ɗaukar yaran Afirka suna da hanyarsu, shekaru suke yi suna kallon yaro. Makarantar Right to Dream ta nan Gana tana ɗaukar yara tun suna ƙanana, ga boko ga ƙwallo, kuma kyauta. Masu ita ne suka sayi kulob ɗin Nordsjaelland na Danmak. Mohammed Kudus, ɗan unguwarmu, ta nan ya bi: Danmak a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023. Ku ma a Najeriya kuna da irinta, FC Ebedei da kulob ɗin Midtjylland na Danmak, inda Paul Onuachu da Frank Onyeka suka fito. Ribarsu tana wajen sayarwa ga manyan kulob, ba a aljihun iyaye ba.

Tsohon Gola:
Ni na taɓa tafiya irin wannan, shi ya sa na kasa wucewa. Shanu biyu babanmu ya sayar. Bizar yawon buɗe ido aka yi mini ban sani ba, muka sauka mu bakwai aka zuba mu a ɗaki ɗaya, kwana 11 ba mu ga filin kowane kulob ba, mutumin ya kashe waya. Wani bawan Allah da na haɗu da shi a masallaci ne ya haɗa mini kuɗin dawowa.

Amma fa ba duka ejan, wato dillalan 'yan wasa, ne ɓarayi ba, akwai na kirki. Ka tambaye shi lasisinsa. Tun 2023 FIFA ta dawo da jarrabawar ejan, kuma sunayen masu lasisi suna shafinta, kowa na iya dubawa. Ka kuma rubuta wa kulob ɗin ta adireshin da ke shafinsu na intanet, ba wanda ke jikin takardarsa ba.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka muku da alheri. Ɗazu na kira shi na nemi lasisin, ya ce yana ofis zai turo. Da na ce zan rubuta wa kulob ɗin, sai muryarsa ta canja, wai zan ɓata maganar. Hajiya ta ji komai, ta janye batun fili. Yaron ne dai tun jiya bai ci abincin kirki ba, ko kallona ba ya yi. Koci, in babu damuwa zan so ka yi masa magana da bakinka, ya fi jin ta koci a kan tawa. Kuma ta ina ake bi a kai yaro gwajin ƙaramar ƙungiyar Pillars?