Abin da za a ɗaura wa yara da 'yan mata kafin goman ƙarshe na azumi

Maman Hanifa (Misfala, Makka): Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan agogon hannu da ake ɗaura wa yaro, wanda yake nuna inda yake a wayar mahaifiyarsa. A azumin bara Hanifa ta suɓuce mini a lokacin fitowa daga tarawihi, tana da shekara 5, sai bayan kusan awa guda muka same ta a hannun askarawa, kuma har yau idan na tuna gabana yakan faɗi. Akwai kuma ƙanwata da take dawowa daga aiki bayan isha'i, ita ma ina so in sama mata abin da za ta danna idan ta ga abin da bai kwanta mata ba.

Baban Sadik (Jidda): Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ƙara tsarewa. Na shekara uku ina gyaran wayoyi, kuma waɗannan agoguna suna yawan zuwa hannuna. Agogon yana gane wurin da yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, sannan ya aiko da bayanin ta layin waya da aka saka masa, saboda haka sai an yi masa rajistar layi na STC ko Mobily ko Zain da igamar babba (katinsa na izinin zama a Saudiyya) da zanen yatsansa, a riƙa kuma sabunta kuɗin intanet. A kan titi ko a hanyar makaranta yana aiki sosai, har ana iya shata masa iyaka a taswira, idan yaro ya tsallake ta waya ta yi ƙara. Amma a ƙarƙashin rufi, musamman a benayen Harami da wajen Safa da Marwa, ɗigon da za ki gani yakan kauce da nisa, kuma ba zai gaya miki ko yarinyar tana hawa na ɗaya ko na biyu ba. Idan aka haɗa da cunkoson daren 27, lokacin da kowa yake kan waya, saƙon ma yakan makara.

Hajiya Ta-Madina: 'Yata, ki saurari Baban Sadik, domin na ga wannan da idona a kan jikana. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne munduwar nan da ake ɗaura wa yara kyauta a manyan ƙofofin Harami, wadda ake sa lambar wayar uwa ko uba a jikinta. Ba ta buƙatar caji, ba ta buƙatar sabis, kuma duk askar ko ma'aikacin da ya tsinci yaro hannunsa yake fara dubawa. Ko alhazai ma, bayan turmutsitsin Mina na 2015, abin hannu na lantarki aka fara ɗaura musu a 2016 mai ɗauke da bayanansu. Ni nakan ƙara da ɗinka lambata a cikin wuyan riga, saboda yaro mai ƙiriniya ba ya barin komai a hannunsa.

Ummu Yasir (Riyad): Inna Hajiya ta faɗi gaskiya game da Harami. Ni kuwa gargaɗi zan yi a kan AirTag, 'yar na'urar nan ta gano inda kaya suke, domin na ga iyaye da yawa suna liƙa shi a takalmin yara. Ba shi da hanyar sanin wuri da kansa, yana dogara ne da wayoyin iPhone da suke wucewa kusa da shi, shi ya sa yake da amfani a cikin taro amma ya yi shiru a wurin da babu mutane. Yaro ba zai iya kira da shi ba, kuma kamfanin Apple ya yi shi ne don jaka da makulli. Batirinsa ɗan faifai ne kamar kwabo, yana kai wa kusan shekara, amma idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi, don haka mai goyo a gida ta yi hattara.

Malam na Nakkasa: Zan ƙara abu guda a kan agoguna masu arha da ba a san kamfaninsu ba. A 2017 hukumar kare masu saye ta ƙasar Norway ta gwada wasu, ta gano cewa baƙo zai iya kutsawa ya ga inda yaro yake, har ya yi magana da shi. A 2017 ɗin ne kuma Jamus ta hana sayar da agogon yara mai sauraron abin da ake faɗa a kusa da shi a ɓoye. Duk wanda ya saya, ya canja lambar sirrin da agogon ya zo da ita tun a ranar farko, kada kuma ya sa hoton yaron da cikakken sunansa a manhajar.

Anti Binta (Aziziyya): Kowa ya tsaya a kan yara, bari in koma kan ƙanwar Maman Hanifa, tunda ni ma aikin dare nake yi. Ina ɗaure da Apple Watch, wato agogon kamfanin Apple, kuma idan na danne maɓallin gefe na ɗan lokaci yana kiran lambar gaggawa, sannan ya tura wa mutanen da na zaɓa wurin da nake. Sai dai wanda ba shi da layin kansa ba ya kira sai waya tana kusa ko akwai intanet, wannan kuwa masu shago ba sa faɗa sai an tambaya. A nan yankin Makka 911 ake kira, 997 na motar asibiti ne, 1919 na cin zarafi a cikin gida, 116111 kuma na taimakon yara. Ta sani cewa tun 2018 akwai dokar da ta tanadi ɗauri har na shekara 2 ko tara har riyal 100,000 ga mai tsangwamar mace, saboda haka kada ta ji kunyar kai ƙara. Roƙona gare ki, Yaya, shi ne ki bar ta ta zaɓi waɗanda za su riƙa ganin inda take da kanta. Babbar mace ce, idan ta ji ana leƙen ta ne za ta cire shi ta jefa a jaka, ranar da ake buƙatarsa kuma ba ya hannunta.

Baban Sadik (Jidda): Na manta da batun zafi. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne don yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a nan bazara takan haura 45, don haka kada a bar agogo a cikin mota, kuma cajin da aka rubuta zai yi kwana biyu ki ƙaddara na yini ɗaya ne.

Maman Hanifa (Misfala): Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Zan karɓa wa Hanifa munduwar a ƙofa duk daren da za mu shiga, in ɗinka lambata kamar yadda Inna Hajiya ta ce, agogon kuma in bar shi don hanyar makaranta bayan salla. Anti Binta, ƙanwata tana hutu ranar Juma'a, idan kina gida bayan la'asar zan turo ta ki nuna mata yadda ake saita maɓallin.