Yara biyu cikin uku na cikin talauci, ina amfanin ƙidayar?

Malama Hadiza: Jama'a, raina a ɓace yake. Tun Nuwamba 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da rahoto bayan ta shiga gidaje sama da 56,000: mutum miliyan 133 ke cikin talauci a Najeriya, yara kuwa kashi 67.5 cikin ɗari. Yau a ajina wata yarinya ta kifa kai a benci tun kafin tara, ta ce ko koko ba ta sha ba. Ni dai a raba kasafin kuɗi bisa wannan lissafi, inda yara suka fi jigata can kuɗi ya fi zuwa. Sakkwato ce ta fi talauci, kashi 91, Ondo 27.

Ɗan Shehu: Malama, ki janye "ta fi talauci". Mai rumbu cike da gero da shanu a garke ne matalauci? Birnin Shehu ba abin rainawa ba ne.

Malama Hadiza: Yaya, ba ni na faɗa ba, rahoto ne.

Abban Sadik: Ɗan Shehu, ba kuɗi suka auna ba. Sun duba makaranta, nisan asibiti, ruwan sha, banɗaki, abinci, har makamashin girki.

Ɗan Shehu: Ka ji ko! Kakata da itace ta yi tuwo har ta koma ga Allah, ba ta taɓa roƙon kowa ba. Yanzu sai a rubuta ta a matalauta? Don ɓata Arewa aka shirya wannan.

Abban Sadik: Bayelsa ce ta biyu, ga man fetur a ƙasarta. Ita ma Arewa ce?

Maman Ummi: Ku bar zancen itace. Dubu 25 da aka ce za a bai wa gidaje miliyan 15 a 2023, a layinmu ban ga wanda ya samu ba. Zawarawa na nan da marayu.

Kwamared: Hajiya, wace jam'iyya kika zaɓa? Ku kuka jawo mana.

Maman Ummi: Kai yaro, ka kiyaye ni. Na haifi kamarka.

Kwamared: Allah Ya ba ki haƙuri, Mama. Amma ai gwamnoni da kansu suka ce ba su yarda da rajistar talakawan da ake raba tallafi da ita ba, a Yulin 2023. Ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006!

Malama Hadiza: Don Allah, maganar yaran nake yi. Ko ciyarwa a makarantu ce a fara da inda aka fi buƙata.

Ɗan Shehu: Sai kin janye tukuna.

Shugaban zaure: To, na rufe nan. Abin da na fahimta, mafi yawanku kun yarda ma'aunin bai dace da rayuwarmu ba, kuma bai kamata a riƙa kiran sunan jiha da talauci ba, balle jihar da ta haife ni. Malama, Allah Ya saka miki da kula da ɗalibanki, amma gaba a riƙa tauna magana.