Wuƙar layya: ta hoto ko wadda ka riƙe da hannunka?

Magidanci daga Kaduna: Assalamu alaikum. Bara, ana saura kwana biyar Babbar Sallah, na ga hoton wata wuƙa a intanet tana sheƙi, har da kubenta na fata. Na tura kuɗi aka sako mini ita a mota. Da ta iso, tsawonta da kaɗan ya wuce tafin hannuna, in ka danna ƙarfen sai ya lanƙwashe. Ranar Sallah malamin da ya zo yanka mana rago ya shafa bakinta da ɗan yatsa, ya ajiye ta gefe, ya ce a aro ta maƙwabta. Abin ya tsaya mini a rai. Bana zan sayi wata, don Allah ku faɗa mana yadda kuka yi naku.

Mahauci daga Kano: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, malamin nan ya kyauta maka. Annabi (SAW) ya yi umarni mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, dakusasshiyar wuƙa azabtarwa ce. Ni fawa gado na yi, ban taɓa sayen wuƙar da ban riƙa ba. In na shiga Kasuwar Kurmi ko na je wajen maƙera, sai na fara jin nauyinta a hannu, don wadda kanta ya rinjayi mariƙinta kafin ka gama fiɗar rago biyu wuyan hannunka ya gaji. Sai in ɗaga ta saitin ido in bi bayanta da kallo, ko akwai karkata. In ƙyasta ta da farce in saurara, ƙarfe mai kyau yana amsawa. Daga nan in nemi takarda in ja sau ɗaya, in ta yanke ba ta yaga ba, to sai mu shiga ciniki. Maƙerin da nake hulɗa da shi da ƙarfen sifirin mota yake ƙera mini. Tana tsatsa in ka bar ta da jini ko ruwa, amma kaifinta na daɗewa, kuma in ta dakushe shi nake mayar wa ya gyara bakin.

Uwargida daga Zariya: Baba mahauci, Allah ya ƙara girma. Ni a mariƙi na sha wahala. Saiti guda na saya ta waya lokacin da zan tare, ina tsakar yanka kabewa mariƙin babbar ya rabu biyu, saura ƙiris ta shige mini tafin hannu. Ashe ƙarfen ɗan guntu ne aka cusa cikin roba. A shago ne wani dattijo ya nuna mini yadda zan duba ƙarfen ya ratsa mariƙin har ƙarshe, da ƙusoshi uku sun riƙe shi. Ya ba ni guda huɗu na jarraba, na ɗauki wadda ta zauna a hannuna, don hannun nawa ƙarami ne. Da ita nake yanka albasa, alayyahu da kaza har yau.

Ma'aikaci daga Gombe: Ni dai gaskiya na saya a intanet na dace. Amma a gidan abokina na fara ganin irinta, na riƙe, na yanka nama da ita, sannan na nemi wannan samfurin daidai. Da hoto kaɗai na gani ba zan tura kuɗina ba.

Mai kilishi daga Maraɗi: Alhaji na Kaduna, kar ka nemi wuƙa ɗaya ta yi maka komai. Ta yanka doguwa ce, ta fiɗa gajera mai lanƙwasa a baki, ƙashi kuwa na adda ne ko gatari, in ka sara shi da wuƙar yanka ka kashe bakinta nan take. Mu masu buɗe nama ya zama fale-fale, siririya muke nema. Mai shago in ka gaya masa aikin da za ka yi zai ware maka kowace. Ka haɗa da dutsen wasawa, ka ce ya nuna maka yadda ake kwantar da bakin a kansa.

Magidanci daga Kaduna: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Asabar in sha Allahu zan shiga kasuwa, zan tafi da takarda a aljihu. Baba mahauci, wane mai ake shafa wa ta maƙera in za a ajiye ta har wata Sallar?

Mahauci daga Kano: Man gyaɗa ya isa. Ka wanke ta, ka goge ta bushe sarai, ka shafa kaɗan, ka naɗe ta a tsumma busasshe, ka ɗora inda hannun yara ba ya kai.